Hotunan da kuke turo mana: a goge idon waya tukuna

Yau mun aje makirofo mun kama rubutu, don maganar da ke bakinmu ta ido ce, radiyo kuwa kunne kaɗai gare ta.

Kowace safiya in munka buɗe WhatsApp na gidan radiyo, kafin mu saurari vokal ko guda sai mu iske hotuna sun taru jingim. Wanga rijiyar garinsu ta rufta. Wancan ruwa ya cinye hanyar da suke fidda albasa. Wata ɗanta ya ɓace tun ranar kasuwa, wani an kore mashi shanu da dare. Duk wanda ya turo da buƙata ya turo, kuma mun gode da wannan amana. Amma gara ku ji daga bakinmu: da yawa cikin hotunan nan ba su yin aikin da kunka aiko su yi.

A daminar 2024, wadda ba wanda zai manta da ita a ƙasar nan, wani dattijo daga wani ƙauye na karkarar Illela ya kira mu har sau uku, murya na rawa, ya ce gidaje sun zube, rumbuna sun bi ruwa. Munka ce baba, a turo mana hoto. Jikanshi ya turo guda huɗu. Ɗaya duhu ne da ɗan haske a kusurwa. Ɗaya yatsan yaron ya rufe rabinshi. Biyun da sunka rage daga nesa anka ɗauke su, anka ja zum har laka da sararin sama sunka zama abu guda. Mun faɗi labarin a iska, amma da munka nuna hotunan ga waɗanda ke iya kai ɗauki, tambayarsu ta farko ita ce: gida nawa ne nan? Munka duba, munka sake dubawa, ba mu iya ƙirgawa ba. Sai da anka tura mutum bisa moto bayan kwana biyu, alhali a irin wannan hali kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke kwana a fili da ƴaƴa.

In ka yi ma mutum wannan magana, amsar guda ce: "Ai wayar ce ba ta da kyau, Itel ce ƴar ƙarama, bari in samu babba ku gani." Mu dai ba mu yarda ba. Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan samari da ƴan matan Yamai a shekarun 1960 da 1970 ya kuma rasu a 2014, ba shi da gilashin da zai duba ya ga abin da ya ɗauka. Haka Malick Sidibe na Bamako, wanda a 2007 anka ba shi babbar lambar yabo a bikin fasaha na Venis, ƙasar Italiya. Fim ɗin wancan zamani hoto 12 ne, ko 24, ko 36, ya ƙare. Sai an wanke a ɗaki mai duhu kana ka san ko ka yi daidai ko ka yi asara. Shi ya sa suke tsayawa su dubi haske, su dubi abin da ke bayan mutum, kafin su taɓa maɓalli. Mu yau kyauta muke dannawa sau ɗari, shi ya sa ba mu duban komi. Kuma kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Wayar da anka rubuta ma megafiksel 50, mafi yawan lokaci tana haɗe ɗigo huɗu-huɗu ne ta ba ka hoto mai 12 da ƴan kai. Wannan kuwa ya ishi a buga hoto babba a rataye a zaure.

Abu na farko, wanda in mutum ya yi shi kaɗai ya rage rabin matsalar: goge idon kamera. Wayar nan tana aljihu tare da goro da ƴan canji, ta sha zufa, ta sha man ƙosai, ta sha ƙurar hunturu da ta hanyar Dogarawa. Hazon da kuke gani a hoto, har ku ce yanayi ne, sau da yawa maiƙon yatsa ne. A hura iska tukuna don ƙwayar rairayi ta fita, in ba haka ba goga ita ce za ta karce gilashin, sannan a shafa da gefen riga mai laushi. Daƙiƙa biyar ce.

Sai haske, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don nan ne aikin yake. Mu da munka yi lakwal, a darasin fizik an zana mana yadda haske ke ratsa gilashi a bisa allo, munka haddace munka ci jarrabawa, ba wanda ya ce mana abin nan shi ne ke cikin kamera. Kamera haske take ci. In ya yi mata kaɗan ta ba ka dishi-dishi, in ya yi mata yawa ta ƙone hoton. Ranarmu ta nan kuwa ba ta wasa ba ce. Wajen ƙarshen watan Afrilu da tsakiyar Agusta, da tsakar rana tana tsaye ne daidai bisa tsakar kai a yankinmu, sauran watanni ma ba ta yin nisa da haka sosai. Mutumin da ka ɗauka a lokacin, goshinshi na ƙyalli, idanunshi sun zama ramu biyu baƙaƙe, in da hula ko rawani fuskar ma ta ɓace. Hoton mutum da safe ake yin shi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, sa'ad da hasken ke zuwa daga gefe yana da taushi. In dole ce da tsakar rana, kamar sunan da anka yi walima da azahar, a jawo mutum bakin inuwa: ƙarƙashin rumfa, gindin dogon yaro, ko bakin ƙofar zaure yana fuskantar waje. Bakin ƙofar zaure ɗin nan, mu a ganinmu, ya fi studiyo da yawa. Sai dai a lura da inuwar itace mai ratsi-ratsi, wadda ke zuba tabon rana a fuska.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsayar da mutum rana na bayanshi, ko taga na bayanshi. Waya ta ga haske mai yawa, ta rage, mutum ya koma baƙin gunki. Kai mai ɗauka ka juya: hasken ya fito daga bayanka ko daga gefenka. Akwai kuma matsalar da tamu ce ta musamman, baƙar fata cikin farar shadda. Ranar salla kowa ya sha fari, waya ta auna farin rigar, fuska ta nutse. Maganin yana nan cikin kowace waya, mutane ne ba su sani ba: dangwala yatsa bisa fuskar mutumin a ekran. Za ka ga ɗan zobe ko murabba'i ya fito da alamar rana a gefe. Ja ta sama kaɗan har fuskar ta fito, ka tsaya kafin rigar ta ƙone. Kamfanin da ke yin Tecno, Itel da Infinix yana tallar cewa ya daidaita kamerorinshi don fatar mutanen Afirka, kuma ba laifi sun yi ƙoƙari, amma waya ba ta san wa kake nufi ba sai ka nuna mata da yatsa.

Da dare kuwa, filashin waya bai wuce taku uku ko huɗu ba. Wanda ya tsaya ƙarshen fili a wajen biki yana walƙa ma makaɗa filashi, ƙeyar mutanen gabanshi kawai yake haskawa, da ƙurar da masu rawa sunka tayar. A matso, a sa wani ya riƙe fitilar sola ko tocila daga gefe, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a riƙe numfashi, a danna. Maɓallin ƙara sauti na gefen waya yana ɗaukar hoto a mafi yawan wayoyi, kuma ya fi dangwalar ekran rage girgiza.

Zum, in da za a bi tamu, da an manta da shi. A wayoyin da mafi yawanmu ke riƙe, zum ba ya kusanto da komi. Yanko tsakiyar hoton yake ya buɗa shi, kamar a ja ƙaramin zane a ce sai ya rufe gado. Ƙafa ita ce zum. Taka ka isa. In abin ba ya kusantuwa, kamar ƙorama ta kawo ko gobara, ɗauke shi yadda yake, a yanke daga baya.

Kafin a danna, a zagaya da ido kusurwa huɗu na ekran. Sau nawa munka ga ango ya sha ado, sandar kuran ta tsiro daga tsakar kanshi, ko baƙar leda da bokitin wanki a gefen amarya? Taku ɗaya zuwa dama ya raba ka da wannan. Cikin saitin kamera akwai abin da wayoyi masu Faransanci ke kira Grille, layuka biyu a tsaye biyu a kwance. A kunna shi, yana hana gini ya karkace, yana hana ruwan barajin Mozage ya zama kamar zai zube gefe guda. Yaro kuma a durƙusa a ɗauke shi daidai idonshi. Ɗaukar yaro daga sama tana mai da shi ƙaton kai da ƴan ƙafafu.

To, mu dawo ga dattijonmu na karkarar Illela. Da jikanshi ya san abu guda, da aikin ya yi: labari hoto uku yake so. Na farko daga nesa, waya a kwance, a ga unguwar duka da wata alama da kowa ya sani, masallaci, makaranta, kuka ko tankin ruwa, don kada wani ya ce ba garin ba ne. Na biyu daga tsaka-tsaki, a ga gida guda da mai shi tsaye a gefe, in ya yarda. Na uku kusa, a ga tsagewar bango, ko geron da ya jiƙe, ko inda ruwa ya yi ma gini zobe. Uku ɗin nan sun fi talatin da anka watsa barkatai. Haka ake yi ma famfon da ya mutu, aji da iska ta kware ma rufi, ko ramin da ke kayar da masu moto.

Ƴan kasuwa ma abin ya shafe su, har ya fi, don su kuɗi ne tsabarsu. Albasar Galmi da launinta anka san ta daga nan har Abijan da Akara, kuma yau ciniki da yawa a waya ake fara shi kafin kamiyo ya tashi daga Galmi ko Tsarnawa. Ka ɗauki albasa ƙarƙashin shuɗin tamfol, launin ya koma na abin da ya kwana biyu. Ka ɗauke ta a tsakar rana, ta yi fari fat kamar ba irin nan ba. Mai saye yana can nesa, abin da ya gani shi zai taya. A fito da ita inuwa mai haske, a aje kwalin ashana ko tsabar dala ashirin kusa don a san girmanta, a yanka guda a nuna ciki, a buɗe buhu a nuna tsakiya ba kai kaɗai ba. Wanda ya nuna tsakiyar buhu tun a hoto, ba a kiran shi daga Kumasi ana zagi. Rago ko sa da za a kai Badagishiri ko a sayar ta waya gabanin layya, daga gefe ake ɗaukar shi, ƙafafu huɗu a fili, mutum tsaye kusa da shi. Ɗauka daga gaba, kai ya cika hoto, dabara ce da kowa ya riga ya gane.

Manoma masu tura hoton ciwon shuka ga malaman gona, ko a gurup-gurup na RECA, ku ma uku ne: shukar gaba ɗaya, ganyen sama da ƙasa, sannan ƙwaron ko tsutsar a bisa tafin hannu ko farar takarda. Kada a manna waya a jikin ganye. In ta matsa fiye da faɗin hannu, mafi yawan wayoyi ba su iya saita gani. Malamin da bai ga ƙwaro da kyau ba, ko ya yi shiru ko ya faɗi maganin da ba shi ba, kai kuma ka kashe jika biyar a banza.

Akwai wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato gyaran fuska da wayoyi ke zuwa da shi a kunne. Yana goge tabo, ya goge zane, ya sirance hanci, ya mai da baƙa fara. Kowa da son ranshi, ba mu hana ƴan mata kwalliyarsu ba. Amma an taɓa turo mana hoton yarinyar da ake cigiya, munka saka, ƴar uwarta ta kira ta ce wallahi ko ita ba ta gane ta ba a hoton. Kowane gida ya kamata a samu hoto guda na kowane yaro da kowane tsoho, na bana, fuska a fili, ba gyara. Ba fata muke ba, amma ranar buƙata ba ta sallama.

Yanzu ka ɗauki hoto mai kyau, saura ya iso. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin mega, kuma yana cire bayanin ranar da anka ɗauke shi. In hoton ya bi gurup biyar, wani ya ɗauki hoton ekran ya sake turawa, kafin ya zo gare mu ya zama kunu. Tun 2023 akwai ɗan maɓallin HD a sama in za ka tura. Ya fi babu. Wanda ya fi shi kuwa, a tura ta Document, nan hoton ke zuwa yadda waya ta ɗauke shi. Mun san forfe na da tsada, mun san reso na wahala da zarar an bar bakin gudron. Shi ya sa muke cewa uku masu kyau, ba talatin ba.

Mu ma sai mun faɗi namu laifin. Akwai ranar da anka turo mana hoton ambaliya tsaf-tsaf, mota ta nutse har rufi, anka ce a yankinmu ne. Kyan hoton ya ruɗe mu, munka saka a wannan shafi ba mu tambaya ba. Kafin magariba wani mai saurare ya nuna mana lambar motar ba ta ƙasar nan ba ce, hoton kuma ya shekara da shekaru yana yawo. Munka cire, munka ba da haƙuri, amma ya riga ya tafi, kuma mutanen da ke da dangi a garin da anka ambata sun kwana da fargaba saboda mu. Tun ranar, hoton da ba a faɗa mana wa ya ɗauka, ina, yaushe ba, ba ya hawa.

Sai maganar izini, wadda ba saitin waya ba ce amma ta fi duk saiti. In hatsari ya auku bisa babbar hanya, tsakanin Ƙonni da Tsarnawa ko wajen Malbaza inda manyan motocin siminti ke kai da kawowa, kafin a samu mai ɗaga rauni an samu goma masu ɗaga waya. Uwa ta ga gawar ɗanta a statu na wani kafin a zo a yi mata ta'aziyya. Wannan ba labari ba ne, rashin tausayi ne, kuma irin waɗannan hotuna ko kun turo ba mu sakawa. Mata a bakin rijiya, majinyaci a gadon likita, almajiri na bara, kowane a tambaye shi, ko a tambayi mai iko da shi; in ya ce a'a, a mai da waya aljihu. Wurin sojoji, jandarmomi, duwan da bakin iyaka, mu da ke zaune a kan iyaka ba sai an faɗa mana ba. A tuna kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda anka ƙara ma tsanani a 2024 har da ɗauri. Yaɗa abin da ke taɓa mutuncin wani yana iya kai mutum gaban alƙali, ko da turawa kawai ya yi.

Abin da muke so ku juya kamera gare shi, wanda ba kowa ke kula ba, shi ne abin da ke tafiya. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin laka na tsakiyar ƙarni na 19, ruwa ya kayar da shi. Yadda yake a da, a hoto kaɗai za a sake ganin shi. Mu nan Ƙonni, abin da Voulet da Chanoine sunka yi ma garin a watan Mayu na 1899, daga bakin tsofaffi muke jin shi da takardun Turawan da sunka yi ɓarnar. Tsofaffin da sunka ji daga kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ba su da hoto ko guda in ba na katin zaɓe ba. Manyan rumbunan laka na Adar suna ba magazin na kwano wuri. Rudun albasa, maƙera, masaƙa, taron Masalata, kokowar bayan girbi a dandalin ƙauye, duk suna nan yau. A zaunar da kaka bakin ƙofa bayan la'asar, a goge idon waya, a dangwala fuskarta, a ɗauka. A tambaye ta sunan uwarta da garin da anka haife ta, a rubuta.

Kuma kada a bar shi cikin waya kaɗai. Waya ana sace ta, tana faɗawa rijiya, zafin Afrilu na kashe ta, katin memwar na bakin tasha kuwa rana ɗaya zai ce ba komi cikinshi. Wanda ke da adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta inda Google Photos ke iya aje hotuna. A kunna shi in an samu wifi ko forfen dare. Wanda bai iya wannan ba ya tura ma ɗan uwa biyu ta Document. Sannan ko goma ne a shekara a kai studiyo a wanke, a juya baya a rubuta suna da gari da shekara da bik. Hotunan iyayenmu da ke cikin akwati yau, wankewar nan ce ta kawo su.

Daga wannan mako, mai turo mana hoton labari ya haɗo da vokal gajere: sunan gari da komin ɗinshi, ranar da anka ɗauka, da wanda ya ɗauka. In Illela ce a faɗa mana wacce, tamu ta Adar ko ta hayin iyaka, don mun sha rikicewa a nan. In mai hoton ba ya so a faɗi sunanshi a iska, ya ce, ba za mu faɗa ba. Wanda ya turo ba bayani za mu kira shi tukuna, don haka kada ya ji haushi in ya ga hotonshi ya kwana bai hau ba.